Yadda Ake Tara Kan Sarki Mai Ɗauke da Hoton Wani Kan Sarki

Wanda ya fara tara kan sarki bai zaɓi fanni ba, kafin shekara ta zagayo zai tarar da kwali cike da ƙananan takardu barkatai, bai san mafari ba balle maƙura. Shi ya sa muke ba masu farawa a nan Jos shawarar su tsaya a fanni guda. Wanda muka fi so a gwada shi ne kan sarkin da aka zana hoton wani kan sarki a cikinsa. Yawancin irinsu ba su da tsada, kuma ta hanyarsu ne talaka ke iya riƙe surar abin da attajirai ke gogayya a kai. Kan sarkin sent ɗaya na Giyana ta Birtaniya na 1856, wanda ƙwaya ɗaya tak ta rage a duniya, an sayar da shi kusan dala miliyan 9.5 a 2014. A 1967 ƙasar Giyana ta buga hotonsa a cikin sabon kan sarki, shi kuwa wannan da kuɗi kaɗan ake samunsa.

Abin da za ka riƙe tun farko shi ne duk guda ɗaya da ke hannunka kawunan sarki biyu ne: na waje, wanda gidan waya ya sayar, da na ciki, wanda aka zana. Tarin da bai faɗi ko wane ne na cikin ba, wace ƙasa, wace shekara, nawa ne kuɗinsa, bai kammala ba ko da ya cika albam goma. Gano na cikin shi ne ainihin aikin, shi ne kuma daɗin.

Me zai shiga, me ba zai shiga ba

Kafin ka kashe ko kwabo, raba su kashi uku. Akwai waɗanda na cikinsu ya fito sarai, dukkansa ko wani sashe, har za a iya nemo shi a katalog, wato littafin da ke jera kawunan sarkin kowace ƙasa da lambobinsu. Akwai waɗanda aka ɗauko tsohon zane aka sake shi da sabon farashi ko sabuwar shekara, kamar yadda Amurka ta yi a 2013 da kan sarkinta mai hoton jirgin sama da ya fito a kife a 1918: na asali sent 24 ne, na 2013 dala 2. Sai na uku, inda za ka ga ambulan a hannun yaro ko a bakin akwatin wasiƙa da ɗan murabba'i a kusurwa, ba a gane ko na wace ƙasa ne. A ganinmu mai farawa ya tsaya a kashi na farko. Na biyu ya ba shi 'yan shafuka a bayan albam. Na uku ya bar shi, domin ba shi da iyaka, kuma babu abin bincike a cikinsa.

Ko kashi na farkon ma ya kai dubbai, don haka a ƙara taƙaitawa. Wani ya ɗauki ƙasashen Afirka kaɗai, wani ya ɗauki kan sarkin farko na kowace ƙasa, wani ya bi Penny Black na Birtaniya shi kaɗai a duk inda ya bayyana.

Shekarun da za ka fara dubawa

Gidajen waya ba sa buga irin wannan haka kawai, sai da dalili, kuma dalilin yawanci cikar shekaru ne. Idan ka san shekarun, ka rage wa kanka rabin wahala. Penny Black, kan sarkin farko a duniya, ya fara aiki a Birtaniya ranar 6 ga Mayu 1840 bisa shawarar Rowland Hill. Saboda haka ka buɗe katalog a 1940, 1990 da 2015. Meziko ta buga hotonsa a 1940. Birtaniya da kanta ta sa shi a kan na peni 5 a 1970 lokacin baje kolin Philympia a Landan. Shekarar 1979, da Rowland Hill ya cika shekara ɗari da rasuwa, tana cikin waɗanda suka fi yalwa, ƙasashe da yawa sun fitar da saiti, mafi yawansu da hoton tsoffin kawunan sarkinsu. Sai 1974, cikar Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya shekara ɗari da kafuwa a birnin Bern.

Bayan waɗannan, ka ɗauki shekarar da kowace ƙasa ta fara buga nata, ka ƙara 50, 75, 100, 125 ko 150. Brazil ta fara a 1843, ta tuna a 1943. Afirka ta Kudu ta buga hoton kan sarki mai kusurwa uku na yankin Kef na 1853 a 1953. Pakistan ta tuna da Scinde Dawk, kan sarkin lardin Sind na 1852, a 1952. Masar ta fara a 1866, ta yi bikin shekara tamanin a 1946. Wanda zai fi burge Bahaushe shi ne na Sudan: ɗan aiken wasiƙa a kan raƙumi, wanda ya fara fitowa a 1898, aka sa shi cikin sabon kan sarki a 1948. Ƙasashen rainon Faransa, har da maƙwabciyarmu Nijar, sun buga irinsu a 1969 saboda baje kolin Philexafrique da aka yi a Abijan, kuma bukukuwan ranar kan sarki da suke yi suna yawan kawo wasu.

Amma shafi na farko a albam ɗin ɗan Najeriya ya kamata ya zama na gida. Legas ta fara amfani da kan sarkinta a 1874, Arewacin Najeriya a 1900, Kudanci a 1901, sannan mai sunan Najeriya kaɗai ya fito a 1914 bayan haɗewa. A 1974 an fitar da saitin cika shekara ɗari, kuma a cikinsa akwai masu hoton tsoffin kawunan sarki na zamanin Turawa. Wannan saitin shi ne mafarin da ya dace, domin na cikin tarihinmu ne, na wajen kuma an buga shi da kwabo, shekara guda bayan an bar fam da sule a 1973.

Kayan aiki

Ba su da yawa. Hantsaki mai faffaɗan baki marar kaifi, wanda aka yi don kan sarki. Kada a yi amfani da na cire ƙaya ko na gyaran gira, bakinsa na huda takarda. Yatsa kuma yana barin maiƙo, wanda ba ya nunawa yau sai bayan shekaru ya zama tabo, a kan danƙo kuwa zanen yatsan ke zama daram. Sai madubin ƙara girma mai ninki goma, irin na masu gyaran agogo da waya. A wannan fannin madubin ya fi komai muhimmanci, tunda na cikin wani lokaci bai fi faɗin farce ba. Sai ma'aunin haƙora, wanda ke nuna adadin haƙoran gefen kan sarki a cikin santimita biyu. Sai rula mai milimita, da littafin ajiya mai aljihuna a jere, inda sababbin shigowa za su zauna kafin a gama bincikensu.

Katalog kuma dole ne. Stanley Gibbons ya fi dacewa da Najeriya da ƙasashen rainon Ingila, Yvert et Tellier da na rainon Faransa, Scott na Amurka ne, Michel na Jamus. Tsohon bugu ya wadatar, domin lamba da bayani kake nema. Shafukan Colnect da StampWorld a intanet suna nuna hotuna kyauta, ana iya dubawa ta waya. Ka zaɓi katalog ɗaya ka tsaya a kan lambobinsa, domin kowanne da nasa lissafin, idan ka gauraya za ka sayi abu ɗaya sau biyu.

Yadda ake gano na ciki

Ka ɗora kan sarkin a kan baƙin kati a wurin haske, ka sa madubi. Fara da sunan ƙasa a jikin na cikin. Idan babu suna sai kan sarauniya ko sarki, kusan tabbas na Birtaniya ne, domin ita ba ta rubuta sunanta. Sai ka karanta farashi da nau'in kuɗi, ka lura da launi, ka duba ko an zana shi da haƙora ko gefensa a miƙe yake. Da waɗannan huɗun ka koma katalog, sashen farkon waccan ƙasa.

A nan ake samun cikas. Zane ɗaya kan fito sau da yawa a shekaru daban-daban. Na Legas masu kan Sarauniya Biktoriya misali ne mai kyau: na 1874 haƙoransu 12½ ne, daga 1876 suka koma 14, alamar da ke cikin takarda kuma ta sauya daga kambi da CC zuwa kambi da CA a 1882. Alamar cikin takarda ba ta fitowa a zane, haƙoran da mai zane ya yi kuma ba lallai su dace da na gaskiya ba. Idan haka ta faru, ka dubi dalilin buga na wajen. Idan bikin shekara ɗari ne na 1874, to na 1874 ake nufi. Idan dalilin bai warware ba, ka rubuta "zanen 1874" kawai, kada ka ƙaƙaba masa lambar da ba ka tabbatar ba.

Launi ma yana yaudara. Gidajen waya kan sauya shi da gangan don kada a yanke na ciki a yi algus da shi. A 1947 Amurka ta fitar da ƙaramin falle mai ɗauke da kawunan sarkinta biyu na farko na 1847. Na asali, sent 5 ja mai duhu ne, sent 10 baƙi. A fallen 1947 sun zama shuɗi da ruwan goro. Irin wannan bambancin shi ne abin rubutawa a shafi.

Penny Black yana da nasa armashin. An buga shi 240 a falle, layi 20 kowanne da guda 12, kuma kowane ɗaya na da haruffa biyu a kusurwoyin ƙasa. Na hagu yana nuna layi, daga A zuwa T, na dama yana nuna matsayi a cikin layin, daga A zuwa L. Saboda haka idan ka ga hotonsa a kan sarkin wata ƙasa, karanta haruffan ka san daga wane gurbi aka ɗauko shi. Idan haruffan sun fita daga wannan tsari, mai zane ne ya ƙago su. Ka kuma duba ko an nuna shi da jan hatimin nan mai kama da gicciye da aka riƙa buga masa, ko kuwa sabo ne fil. Mai bin Penny Black zai iya jera tarinsa duka bisa haruffa, kuma tsari ne mai kyau ƙwarai.

Inda aljihu ya yarda, a nemo na asalin a ajiye shi kusa da mai hotonsa. Ga wasu ba zai yiwu ba, kamar fam 25 na Arewacin Najeriya na 1904 ko "Post Office" na Morishiyos na 1847 da aka buga 500 kacal na kowane farashi. Amma raƙumin Sudan da ƙananan farashin Legas da suka ci hatimi suna samuwa. Penny Black ma ba shi da wuyar samu yadda ake zato, an buga fiye da miliyan 68, sai dai mai cikakkun gefuna huɗu yana da tsada.

Inda ake samu a Jos

Ka fara da babban gidan waya da ke titin Ahmadu Bello, ka tambayi kawunan sarki na tunawa, ka kuma tambayi yadda ake oda daga sashen masu tarawa na NIPOST. Bayan nan sai gidaje. Jos gari ne da ya daɗe yana musayar wasiƙu da ƙasashen waje, saboda haƙar kuza da mishan da makarantu, ga kuma alhazai da ɗalibai da masu rubuta wa sassan Hausa na gidajen rediyon ƙetare. Tsofaffin adakoki da akwatunan ƙarfe na iyaye da kakanni suna ɗauke da ambulan na shekarun 1970 zuwa 1990, daidai lokacin da irin waɗannan suka fi fitowa. A nemi izini kafin a taɓa, a mayar wa mai ita wasiƙar da ke ciki, ambulan ɗin kawai ake buƙata. Masu sayar da tsofaffin littattafai a wajen Taminus ma a riƙa gaya musu abin da ake nema.

Na ƙasashen waje kuwa sai an saya daga Delcampe, eBay ko HipStamp. Kuɗin aikowa kan fi kuɗin kayan, don haka a tara oda wurin mai sayarwa ɗaya, ko mutum uku su haɗa. A nemi hoton gaba da baya, a biya kuɗin rajista, a kuma roƙi a sa kayan tsakanin kati biyu cikin leda, saboda wasiƙar da ta iso a watan Agusta tana iya shan ruwa a hanya.

Akwai tarkuna uku. Na farko kawunan sarki na bogi da wasu ke bugawa da sunan ƙasashen Afirka ba da sanin gidan wayarsu ba. Nijar, Cadi, Mali da Benin duk an yi musu haka, kuma masu wannan aiki suna son sa hoton shahararrun kawunan sarki domin sun san akwai masu nema. Idan abu bai shiga ko ɗaya daga manyan katalog ba, ka ƙyale shi. Na 2002 zuwa gaba ana iya duba su a rajistar WNS ta Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya, ga ƙasashen da ke cikinta. Na biyu, waɗanda aka buga wa hatimi a ɗab'i ba su taɓa hawa wasiƙa ba: za ka ga hatimi tsaf a kusurwa, danƙo kuma yana nan cif a baya. Halal ne a tara su, amma farashinsu ƙasa yake, kada a sayar maka a matsayin wanda ya yi tafiya. Na Ajman, Manama da Fujaira, ƙananan yankunan Larabawa, na ƙarshen shekarun 1960 yawanci haka suke. Na uku, wanda aka yanko daga ƙaramin falle aka ce na asali ne. Auna shi da rula ka gwada da girman da katalog ya bayar, ka duba launi, ka sa madubi. Tsohon bugun sassaƙe layuka ne masu kaifi da tawada ta ɗan taso, hoton zamani kuwa ɗigo-ɗigo ne.

Cirewa daga ambulan

Kafin ka yanka, dubi ambulan ɗin. Idan hatimin ya fito da sunan gari da kwanan wata, musamman ƙananan gidajen waya irin su Bukuru, Vom ko Barikin Ladi, ko kuma ranar farko ce ta fitowar kan sarkin, to bar shi ɗungurungum, ya fi daraja haka.

Sauran ka yanke su da tazarar santimita ɗaya a kewaye. Zuba ruwa mai sanyi ko ɗan ɗumi kaɗan a faranti mai zurfi, ka sa kamar guda goma zuwa goma sha biyar, ka bar su minti 15 zuwa 20 har su saki takardar da kansu. Kada ka ja, jan ne ke sa bayan ya yi sirara, wanda kuma ya yi sirara ya rasa yawancin darajarsa. Ɗauraye a ruwa mai tsabta don sauran danƙo ya fita, ka kife su a kan farar takarda mai tsotse ruwa. Idan sun sha iska, sa su tsakanin wasu fararen takardu, ka danne da littafi mai nauyi kwana ɗaya. Jarida ba ta dace ba, tawadarta na kamawa. Ambulan ja, kore ko ruwan ƙasa mai duhu a jiƙa shi shi kaɗai cikin ruwan sanyi, a cire da wuri, domin rininsa na zuba. Masu manne kansu na zamani yawanci ba sa sakin takarda a ruwa, a gyara yankan a bar su a kai.

Gargaɗi mafi girma yana kan tsofaffin na asali. Kamfanin De La Rue ya buga na Legas da na Arewacin Najeriya da yawa da tawada mai gudu, musamman kore da shunayya, don kada a wanke hatimi a sake amfani da su. Ruwa na taɓa su launin ya koɗe, ba ya dawowa. Waɗannan kada su shiga ruwa sam.

Shirya shafi da ajiya

Yi amfani da farin kati A4 mai nauyin giram 160 zuwa 200, marar asid. Buga rubutun tukuna, ya bushe, sannan a ɗora kan sarki. A ƙarƙashin kowanne layi biyu sun isa: na sama ya faɗi ƙasa, shekara, dalili, farashi da lambar katalog ta na waje, na ƙasa ya faɗi haka game da na ciki, tare da abin da aka sauya. Sabo mai danƙo a sa shi a aljihun roba na musamman irin Hawid ko Showgard, a auna tsawonsa da milimita a zaɓi wanda ya ɗara shi kaɗan. Wanda ya ci hatimi ana iya liƙa shi da 'yar siririyar takardar nan mai naɗewa da aka yi don haka, a ɗan jiƙa ta kaɗan ƙwarai. Salatif, gam, sitaci da laminatin duk suna kashe kan sarki har abada. Ledar PVC mai laushi, irin ta albam ɗin hotunan biki, tana fitar da maiƙo da ke narkar da tawada. Wanda ke da niyyar baje koli ya shirya shafuka 16, shi ne cikin allo ɗaya.

Yanayin Jos yana da fuska biyu, kowacce da ɓarnarta. Daga Yuni zuwa Satumba laima ce: danƙo ya yi laushi ya manne da shafi, fumfuna ta fito, haƙora su fara jan tabo kamar tsatsa. Albam ya tsaya a tsaye, kada a jibga wani kan wani, domin nauyi da laima ne ke haɗuwa su manne sababbi. A ajiye shi a kabad da ke nesa da bangon waje, sama da ƙasa da aƙalla rabin mita, tare da ƙunshin silika da ke zuwa cikin kwalin takalmi ko na magani. Silikar na cika da ruwa, a riƙa sauya ta. Laimar da ake so tsakanin kashi 40 zuwa 55 ce cikin ɗari, ƙaramin ma'aunin laima na batir zai nuna maka. Duk bayan mako biyu a damina a buɗe albam a juya shafukan su sha iska a cikin ɗaki, ba a rana ba, saboda rana na cin launi. Wanda tabo ya kama a ware shi nan take a ambulan dabam, tunda yana yaɗuwa.

Da hunturu kuma, daga Disamba zuwa Fabrairu, bushewa ce ke sa sababbi su nannaɗe, danƙo ya tsattsage. Kada ka miƙar da wanda ya naɗe da ƙarfi, zai karye. Sa shi a aljihun roba ka rufe littafin, zai kwanta da kansa cikin 'yan kwanaki. Ƙura kuma tana shiga ta saman albam, don haka a sa shi cikin kwalinsa ko a rufe da ƙyalle mai tsabta. Kyankyasai da gara suna son danƙo. A tsabtace kabad ɗin, a sa maganin ƙwari a ƙasan ɗaki, amma kada a fesa shi a kan albam, kuma kada kafur ya taɓa shafi kai tsaye.